Tsofaffin Kuɗin Azurfa na Faransa: Tambayoyin da Masu Tarawa Suka Fi Yi

Yawancinmu da muke tara waɗannan kuɗaɗe hanya ɗaya muka biyo. Ko dai an buɗe adudun wata tsohuwa aka tarar da su ƙulle a tsumma, ko an ga wata tsaba a tiren maƙerin azurfa tana jiran wuta, zuciya ta ƙi barinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu farawa suke ta maimaita mini. Roƙona ɗaya ne tun daga farko: a karanta tsaba kafin a yi mata kuɗi, kafin a wanke ta, kafin a narka ta. Kusan duk abin da kake son sani yana rubuce a jikinta.

Waɗanne kuɗaɗe ake nufi idan an ce tsofaffin azurfar Faransa?

Gida uku ne. Na farko kuɗin sarakuna, kafin juyin juya halin 1789, lokacin da ake lissafi da livre da sol da denier: sol 20 livre ɗaya, denier 12 sol ɗaya. Babbar tsabar wannan zamani sunanta écu. Na biyu kuɗin faran, wanda aka kafa a 1795, aka tabbatar da shi da dokar 1803 a kan giram 5 na azurfa kowane faran. Daga nan aka samu tsabar faran biyar da muka fi sani, wadda aka daina bugawa don yawo a 1878. Na uku kuɗin ƙarni na ashirin, waɗanda ba su tsufa sosai ba amma azurfa ce ta gaske.

Akwai waɗanda suka girme su duka, irin su gros tournois na Sarki Louis IX na 1266, amma da wuya su faɗo hannun mutum a kasuwanninmu.

Ta yaya kuɗin Faransa suka shiga akwatunan kakanninmu?

Mulkin mallaka ne ya kawo yawancinsu. Sojojin Faransa sun shiga Damagaram a 1899, kuma da gwamnatinsu ta zauna sai ta riƙa neman haraji da tsabar faran maimakon wuri, tana biyan sojoji da ma'aikata da ita. Har yau harshe yana riƙe da shaidar: a Nijar faran biyar shi ne dala, faran ɗaya tamma, kuma da dala ake ƙirga sefa, shi ya sa faran ɗari ya zama dala ashirin. Waccan dala ta asali babbar tsabar azurfa ce mai giram 25.

Da kuɗin takarda suka mamaye, mata ba su yarda sun rabu da azurfarsu ba. Wasu suka ɓoye, wasu suka kai wa maƙera aka yi musu mundaye da zobba, wasu aka huda aka rataya. Fatauci ya tsallaka da su iyaka zuwa Katsina da Kano da Sakkwato. Shi ya sa mai tarawa a nan yakan ci karo da mai huji fiye da lafiyayya, kuma akwai amsa a kan wannan a ƙasa.

Na samu guda ɗaya. Ta ina zan fara?

Ka shimfiɗa tawul a kan tebur don kada ta faɗi a siminti. Ka riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, kada ka dafa fuskarta. Sannan ka rubuta abubuwa shida a takarda: rubutun da ya kewaye kan mutumin, darajar da aka rubuta a baya, shekara, ƙaramin harafin da ke kusa da shekarar, rubutun gefe, da nauyi. Gilashin masu gyaran agogo da ƙaramin sikelin masu zinariya mai nuna ɗigo biyu sun ishe ka. Da waɗannan shida za ka same ta a littafin Gadoury ko Le Franc, ko a shafin Numista na intanet, cikin 'yan mintoci.

Kada ka goge komai tukuna, ko da yatsa da yawu ne.

Ta yaya zan gane zamanin dala daga hoton da ke kanta?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin idan ka jera daloli a tabarma bi da bi, ka jera tarihin Faransa na shekara tamanin ke nan, ƙasar da ta yi ta jujjuyawa tsakanin sarauta da jamhuriya.

Ta farko, daga 1795 zuwa 1803, ba ta da kan kowa. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne na tatsuniyar Girkawa, Hercule, da fatar zaki a jikinsa, tsaye tsakanin mata biyu, da rubutun UNION ET FORCE. Augustin Dupré ne ya zana ta. Sai Napoleon: da farko BONAPARTE PREMIER CONSUL, sannan NAPOLEON EMPEREUR. Abin lura a nan, har zuwa 1808 fuska tana cewa sarkin sarakuna, baya kuma yana cewa REPUBLIQUE FRANÇAISE. Masu farawa kan ɗauka kuskure ne ko jabu, alhali haka aka buga su. Sai a 1809 baya ya koma EMPIRE FRANÇAIS. Bayansa Louis XVIII (1814 zuwa 1824, in ban da 'yan watannin da Napoleon ya dawo a 1815) da Charles X (1824 zuwa 1830), dukansu suna kallon hagu, bayansu garkuwa mai furanni uku da kambi a sama. Louis-Philippe (1830 zuwa 1848) yana kallon dama, kuma ya kira kansa ROI DES FRANÇAIS, wato sarkin Faransawa, ba sarkin ƙasar Faransa ba, don ya nuna daga mutane sarautarsa ta fito.

A 1848 Hercule ya dawo, amma yanzu da LIBERTÉ ÉGALITÉ FRATERNITÉ. Daga 1849 zuwa 1851 kan wata mace ne mai zangarniyar alkama a gashi, ana kiranta Cérès. A 1852 LOUIS-NAPOLEON BONAPARTE ya fito a matsayin shugaban ƙasa, sannan ya zama NAPOLEON III EMPEREUR, da farko kai ba komai, daga 1861 kuma da rawanin ganye, ga gemu mai tsini. Da Jamusawa suka kama shi a yaƙin 1870, Cérès ta dawo na ɗan lokaci, Hercule ya rufe layin har 1878. Waɗannan na ƙarshe, musamman na 1873 zuwa 1877, tare da na Napoleon III na 1867 zuwa 1870 da na Louis-Philippe, su ne suka fi yawa a hannun mutane.

Tawa ba ta da shekara, sai AN 12. Mene ne wannan?

Kalandar 'yan juyin juya hali ce. Sun soke lissafin Miladiyya suka fara nasu daga 22 ga Satumba 1792, suka kira ta shekara ta ɗaya. Don ka juya, ka ƙara 1791 da 1792 a kan lambar: AN 12 ta faro daga Satumbar 1803 zuwa Satumbar 1804. Wani lokaci da lambobin Rumawa ake rubutawa, kamar AN XI. Napoleon ya soke kalandar daga 1 ga Janairu 1806, saboda haka AN 14 wata uku da 'yan kwanaki kawai ta yi.

A kula da écu na 1792 mai rubutun L'AN 4 DE LA LIBERTÉ. Wannan daga 1789 yake ƙirgawa, lissafi ne daban.

Ƙaramin harafin nan, A ko K ko W, me yake nufi?

Garin da aka buga tsabar. Sarki François I ne ya tsara haka a 1540, ya ba kowane gidan buga kuɗi harafinsa. A Paris ce, B Rouen, BB Strasbourg, D Lyon, H La Rochelle, I Limoges, K Bordeaux, L Bayonne, M Toulouse, MA a harɗe Marseille, Q Perpignan, T Nantes, W Lille. A kuɗin sarakuna za ka ga wasu da ba harafi ba, kamar 'yar saniya ta garin Pau. A zamanin Napoleon har garuruwan da ya ci da yaƙi sun buga faran, U ta Turin, CL ta Genoa, kuma masu tarawa suna nemansu ruwa a jallo.

Harafin nan yana iya raba tsaba biyu masu hoto ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya a sayar da ita a kuɗin azurfarta, ɗaya a ninka sau da yawa, domin Paris takan buga miliyoyi a shekarar da ƙaramin gari ya buga 'yan dubbai. Gidajen larduna sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Bordeaux ce ta ƙarshe a 1878.

Ga kuma wasu 'yan hotuna ƙanana kusa da shekarar, kamar ƙudan zuma.

Sa hannu ne. Ɗaya na shugaban gidan bugun, ɗaya na babban mai zanen hatimi na ƙasa, don in an samu tsaba ba ta cika nauyi ba a san wanda za a tuhuma. A dalolin Paris za ka ga zakara a zamanin Napoleon na farko, hannu mai nuni a ƙarshen zamanin Louis-Philippe, ƙudan zuma daga shekarun 1860. Ƙugiyar jirgin ruwa alamar Albert Barre ce, kan karen farauta na mahaifinsa Jean-Jacques Barre. Daga 1880 gidan Paris ya riƙe ƙaho cike da 'ya'yan itace a matsayin alamarsa, har yau. A gefensa akwai sanda mai ci da wuta daga 1896 zuwa 1930, sai fiffike, sai mujiya daga 1958 zuwa 1974.

Amfaninsu biyu ne. Suna taimaka wa wanda shekarar tsabarsa ta goge, kuma suna tona asirin jabu, domin mai ƙirƙira yakan haɗa alamar da ba ta zamanin ba. Akwai kuma alama guda da ta mai da dalar 1871 abin nema, tana cikin amsa ta ƙarshe.

Nawa ne nauyin kowacce, kuma azurfa nawa ce a ciki?

Dala, wato faran 5, giram 25 ce, faɗinta milimita 37, azurfa kashi 900 cikin 1000, sauran jan ƙarfe. Tsantsar azurfarta giram 22.5 ke nan, kuma haka take tun daga 1795 har 1878. Faran 2 giram 10, faran 1 giram 5, rabin faran giram 2.5. Waɗannan ƙananan su ma 900 ne da farko, amma aka rage su zuwa 835: santim 50 da santim 20 a 1864, faran 1 da faran 2 a 1866.

Dalilin ragin, zinariyar da aka gano a Kalifoniya da Ostireliya ta sa darajar azurfa ta tashi idan aka gwada da ta zinariya, sai mutane suka riƙa kwashe tsabar azurfa suna narkawa ko fitarwa waje, har canji ya yi wuya a kasuwa. A 1865 Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar kuɗi a kan ma'auni ɗaya, Girka ta shigo a 1868. Shi ya sa za ka ga faran 5 na Beljiyam mai kan Léopold II ko lira 5 na Italiya a cikin dalolin kaka, girma ɗaya, nauyi ɗaya. Daga baya abin ya juya, azurfa ta faɗi warwas a shekarun 1870, aka dakatar da buga dala. Ƙananan tsabobi na kafin ragin an janye su an narka, don haka faran ɗaya na Charles X ya fi dalarsa wuyar samu.

Wadda ta sha yawo takan rasa ɗan nauyi. Dala mai giram 24.6 ba abin damuwa ba ce. Mai giram 22 ko 23 alhali hotonta garau, wannan a duba amsar jabu.

Tawa ta fi dala girma, kuma rubutun ba Faransanci ba ne.

Mai yiwuwa écu ce ta sarakuna, rubutun kuwa Latin ne a taƙaice. LUD. XV D. G. FR. ET NAV. REX yana nufin Louis na goma sha biyar, da ikon Ubangiji sarkin Faransa da Navarre. A baya akwai SIT NOMEN DOMINI BENEDICTUM, wato albarka ta tabbata ga sunan Ubangiji, a gefe kuma DOMINE SALVUM FAC REGEM, addu'ar Ubangiji ya kiyaye sarki. Ba a rubuta daraja a jikinsu, da girma da nauyi ake gane su.

An fara écu ta azurfa a 1641, zamanin Louis XIII, da aikin mai zane Jean Varin, tana da kimanin giram 27, darajarta livre 3. Daga 1726 aka tsaida ta a kan giram 29.5 da ɗan ragi, azurfa kashi 917, darajarta livre 6, ta zauna a haka har juyin juya hali. Mafi yawan da ake gani su ne na Louis XV da Louis XVI masu garkuwa zagayayya tsakanin rassan zaitun biyu. Ta 1792 da 1793 ta sha bamban: rubutun ya koma Faransanci, LOUIS XVI ROI DES FRANÇOIS, a baya wani mai fukafukai yana rubuta tsarin mulki a kan allo. An fille kan sarkin a Janairun 1793, amma aka ci gaba da buga hotonsa na wasu watanni. Duk lokacin da na riƙe ta 1793 sai jikina ya yi sanyi.

Écu ɗina tana da karce-karce a fuska, wata kuma kamar hoto biyu a haɗe. Lalacewa ce?

Sau da yawa a'a. Kafin a buga, ana auna kowane faifan azurfa da hannu, in ya yi nauyi a rage shi da zarto. Layukan nan da ke tafiya jere wuri ɗaya, waɗanda hoton ya hau kansu, daga gidan bugu suka fito. Ana gane su da cewa ba su da ɗagaggen baki irin na karcen da aka yi daga baya. Suna ɗan rage farashi in sun bi ta fuskar sarki, amma ba aibi ba ne.

Hoto biyu kuwa aikin Louis XIV ne. Yaƙe-yaƙe sun cinye masa baitulmali, sai daga 1690 ya riƙa umartar a dawo da tsofaffin kuɗi a sake buga sabon hoto a kansu, a fitar da su a daraja mafi girma, ribar ta shiga aljihun sarauta. In ka karkata tsabar a hasken taga, wani lokaci har tsohuwar shekarar za ka karanta a ƙarƙashin sabuwar.

Yaya zan gane jabu?

Kama da wane ba wane ba ce, kuma jabun yanzu sun iya kama. Ka fara da maganaɗisu: azurfa ba ta kamawa, wadda ta manne ka ajiye ta. Amma rashin mannewa bai isa ba, domin tagulla da dalma ma ba sa kamawa. Sai sikeli da ma'aunin faɗi, ka gwada da alƙaluman da ke amsar nauyi. Sai amo: ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan taɓa gefenta da fensir, azurfa takan yi ƙara siririya mai jan lokaci, ta zubi kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Gwajin da na fi yarda da shi na ruwa ne. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mai da shi sifili, ka ɗaure tsabar da zare ka nutsar da ita ba tare da ta taɓa ƙasa ko bango ba. Dala ta gaskiya za ta nuna kusan giram 2.4. In ka raba 25 da wannan, za ka samu wajen 10.3, nauyin azurfa mai kashi 900 ke nan. Tagulla ba ta kai 9 ba.

Gefe shi ne inda masu jabu suka fi kasawa. Dalar Napoleon na farko tana da DIEU PROTEGE LA FRANCE a nutse cikin ƙarfe. Na Louis XVIII da Charles X suna da DOMINE SALVUM FAC REGEM, shi ma a nutse. Daga farkon zamanin Louis-Philippe rubutun ya koma DIEU PROTEGE LA FRANCE, ya kuma zama a ɗage, in ban da wasu na 1830 da 1831 da suka fito a nutse. UNION ET FORCE tana da GARANTIE NATIONALE. Dalar Faransa ta ƙarni na sha tara mai gefe tsaga-tsaga kamar na sulai, ko mai layin haɗi a tsakiyar gefe, ba ta gaskiya ba ce. Ka kuma juya ta daga sama zuwa ƙasa, bayan ya kamata ya fito a miƙe.

Na taɓa sayen manyan tsabobi uku masu rubutun PIASTRE DE COMMERCE a hannun wani mai tebur, na ƙasashen Indochine da Faransa ta mallaka, a farashin da ya kamata ya sa ni tsayawa. Ta gaske giram 27 ce. Da na isa gida ba wadda ta kai 23. Wannan iri yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya, kuma tun daga ranar ba na fita kasuwa ba sikeli a aljihu.

Mace mai watsa iri, duk azurfa ce?

A'a, a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Oscar Roty ne ya zana mai shukar, tana tafiya da jakar iri, rana tana fitowa a bayanta. Na azurfa su ne santim 50 daga 1897, da faran 1 da faran 2 daga 1898, duka zuwa 1920, kashi 835. Sai faran 5 na 1960 zuwa 1969, giram 12, shi ma 835. Faran 1 da rabin faran na 1960 zuwa sama farin ƙarfe ne, maganaɗisu yana kama su, faran 5 daga 1970 shi ma ba azurfa ba ne. A cikin tsofaffin a nemi harafin C a na 1914: lokacin da yaƙi ya matso Paris an kai injinan Castelsarrasin an buga kaɗan a can.

Cikin sauran azurfar ƙarni na ashirin akwai faran 10 da faran 20 na Pierre Turin, 1929 zuwa 1939, giram 10 da giram 20, kashi 680 kawai. Faran 10 mai Hercule na 1965 zuwa 1973, giram 25. Da faran 50 na 1974 zuwa 1980, giram 30, dukansu 900. Faran 10 na Turin na 1945 zuwa sama ba azurfa ba ne.

Babbar tsabar nan mai mace mai lulluɓi da shekarar 1780, ta Faransa ce?

Ta Ostiriya ce, liyarin Maria Theresa, giram 28, azurfa kashi 833. Ta riga faran zuwa ƙasar Hausa ta hanyar fataucin Sahara, har matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canza ta da wuri 2,500 a Kano a 1851. Shekarar 1780 ba ta nufin lokacin bugu, domin an daskarar da ita ana ta maimaitawa har zamaninmu, kuma a ƙarni na ashirin London da Paris da Roma da Bombay duk sun buga ta.

In wanke ta ta yi ƙyalli?

Don Allah kada ka yi. Baƙi-baƙin nan ko ruwan toka ko shuɗi-shuɗin da ke kan tsohuwar azurfa, shekaru ne suka shafa shi, masu saye suna so, kuma shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Tsabata ta farko dalar Louis-Philippe ce ta 1834 mai W, daga cikin kayan kakata. Na dirje ta da toka da lemun tsami yadda ake wa mundaye. Ta yi fari fat, amma a ƙarƙashin gilashi fuskarta duk siraran layuka, ganyen rawanin da ke fitowa ɗaya-ɗaya ya dusashe. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma har yau in na ɗauko ta raina yana ɓaci, domin ba a mayar da abin da aka goge.

In laka ce ko maiƙo, a jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu marar turare, a ɗauraye, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ta bushe da kanta. Ban da soso, ban da man goge baki, ban da kanwa.

Mai huji ko wadda aka liƙa wa kunne tana da sauran daraja?

A kasuwar masu tarawa ta Turai, in ba mai wuyar samu ba ce, kuɗin azurfarta kawai za ta yi. Amma ni ban yarda a raina ta ba. Hujin nan wani maƙeri ne ya yi shi, wata ta rataya a wuya ranar aurenta, kuma wannan tarihin namu ne. Ina ajiye irinsu daban, da takardar da ke faɗin gidan da suka fito. Kada a toshe hujin, kada a ɓalle kunnen, yin haka ɓarna ce ta biyu.

Me ke sa wata ta fi wata tsada?

Abu uku: farashin azurfa na ranar, ƙarancin shekarar da harafinta, da lafiyar tsabar. Na farko shi ne ƙasa, ba a sayarwa ƙasa da shi: ka ninka giram 22.5 da farashin giram ɗaya. A kasuwar duniya da oza ake faɗa, oza kuwa giram 31.1 ce. Faransawa suna da matakan lafiya shida: B ta goge sosai, TB ana karanta komai, TTB ta yi yawo kaɗan, SUP da ƙyar ake ganin gogewa, SPL da FDC ba su shiga hannu ba. Ana duba wurare masu tudu, gashi a saman kunne, ganyen rawani, ƙirjin Hercule. Tsakanin TB da SUP farashi yakan ninka sau da yawa.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce tsufa shi kaɗai ba ya kawo kuɗi. Yawancin dalolin da ke hannunmu na shekaru masu yawan bugu ne, sun kuma goge. Jita-jitar cewa akwai wani sinadari a cikin tsofaffin kuɗi da Turawa ke saya da miliyoyi ƙarya ce ta 'yan damfara. Azurfa ce da jan ƙarfe, ba wani abu.

Akwai zakka a kansu?

Azurfa ce, don haka tambayar tana kan hanya. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda ake ƙiyastawa da kimanin giram 595, abin fitarwa ɗaya cikin arba'in in shekara ta zagayo. A lissafin tsantsa, dala 27 sun haura wannan. Yadda ake ƙirga gaurayen jan ƙarfe, da haɗa su da sauran dukiya, da hukuncin wanda ya saya don kasuwanci, sai a kai wa malami tare da nauyin da ke cikin amsar da ta gabata.

Yaya zan adana su a yanayinmu?

Damina da roba su ne abokan gaba. Kyauron roba yana barin baƙin layi, ledar nan mai taushi kuma takan yi gumi ta bar kore mai danƙo. A sa kowacce ita kaɗai a ƙaramar ambulan ko kwalin masu tarawa, don kada su riƙa gugar juna, a rubuta bayananta a kai, a zuba a gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin busarwa da ke zuwa cikin kwalin takalmi. A nisanta su da hayaƙin girki da turaren wuta.

Da ɗan kuɗi kaɗan, me zan fara nema?

Dala ɗaya daga kowane mulki, kamar yadda aka jera su a amsar hotuna. Hercule na 1870 zuwa sama, Napoleon III mai rawanin ganye da Louis-Philippe ba za su wuce kuɗin azurfarsu da yawa ba. Charles X da Louis XVIII da Napoleon na farko sai an ɗan jira. In layin ya cika, ka zaɓi sarki ɗaya ka bi garuruwansa harafi-harafi. Ka saba da maƙeran azurfa na garinku, ka roƙe su su riƙa nuna maka tsaba kafin su jefa a wuta, ka biya su fiye da kuɗin narkawa.

Kuma duk Hercule ta 1871 mai A da ta zo hannunka, ka sa mata gilashi. A watannin da talakawan Paris suka ƙwace birnin suka kafa gwamnatin da ake kira Commune, wani ma'aikacin tagulla, Zéphirin Camélinat, shi aka ba gidan buga kuɗi. Dalolin da aka buga a hannunsa suna ɗauke da mashi mai baki uku a gurbin ƙudan zuma, a ƙasan bayan tsabar, kusa da harafin.